Dakan Bayan Katanga

Shekara talatin da huɗu ke nan Habsu ba ta taɓa kama sunan ƴarta ta fari ba. Kada wani ya yi saurin kiran abin ƙiyayya. A Gure, a gidajen da suka san kunya, haka ake yi: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in an yabe shi sai ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da laifi. Habsu kuwa ta riƙe al'adar nan da hannu biyu, har ta fi waɗanda suka koya mata. Ranar da aka yaye yarinyar, Nuriyya, aka miƙa ta ga gwaggonta Shafa'atu mai aikin ungozoma a asibiti, Habsu ko leƙowa daga ɗaki ba ta yi ba. Mata suka yi ta yaba mata. Babu wadda ta ɗaga labule ta ga halin da take ciki. Tun daga ranar, in dole ta kama ta ambaci yarinyar, sai ta ce "ta Shafa".

Ba a daɗe ba aka yi wa Shafa'atu canjin aiki zuwa Yamai, ta tafi da yarinyar. A can Nuriyya ta yi lakwal, wato makarantar boko, a can ta kamu da son kiɗa, kiɗan kuma ya ɗauke ta zuwa ƙasashen da Habsu ba ta iya faɗin sunansu. Ita take tsara waƙoƙinta da kanta, ta zuba Hausa da Barbarci da Faransanci a tukunya ɗaya, ta gauraya da wani kiɗan baƙaƙen Amurka da ake kira jaz. Habsu ta san duk wannan, don autarta Sa'a takan kunna mata a waya. Sai ta ci gaba da tsintar wake, ta ce, "Rage mini hayaniyar nan." In Sa'a ta rage da yawa kuma ta ɗago ta ce, "Ce miki na yi ki kashe?"

Bara Shafa'atu ta rasu. Bana, bayan an gama yankan gero, sai ga Nuriyya a Gure.

Yabawa ce ta kawo labari, maƙwabciyar Habsu kuma ƙawarta tun suna amare, mace mai baki kamar reza amma ba ta da mugunta ko ta ƙwayar gero. Tun daga zaure take magana, ta faro da gaisuwar Barbarci.

"Wushe, wushe, Habsu! Kin ga abin da ƴarki ta zo da shi?"

"Ƴar wa?"

"To, ta Shafa. Goge ne, amma wallahi ya fi ta tsayi. Kujera biyu aka ba shi a mota tun daga Damagaram, ya zauna kamar wani alhaji, mutane na matse a baya."

Habsu ta ce Allah ya kyauta, ta tura Sa'a ta gaya wa baƙuwar ta sauka a gidan Mushe Idrissa, ƙanen marigayi mijinta, tsohon malamin lakwal ("Mushe" shi ne malam a bakin ƴan Faransanci), wai ɗakinsa ya fi iska. Katanga ɗaya ce ta raba gidajen biyu, bishiyar dogon yaro ɗaya take yi musu inuwa. Gaskiyar magana, Habsu ta share nata ɗakin tun mako guda da ya wuce, ta turara shi, ta shimfiɗa sabon zanen gado. Da lokaci ya yi ne ta ji ba za ta iya kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da yarinyar ba tare da idon duniya ya ga abin da ke zuciyarta ba.

Kwana uku Nuriyya tana shigowa kowace safiya ta durƙusa ta gaishe ta. Kwana uku Habsu tana amsawa idonta a kan akuya. Abinci kuwa sai da Mushe Idrissa ya aiko a ce don Allah a rage, gidansa ba bariki ba ne.

Ran na huɗu Nuriyya ta gaisa amma ba ta tashi ba. Doguwa ce, siririya, da tsinin hancin ubanta, yatsun hannunta na dama duk sun yi kanta kamar na mai jan guga. Habsu ta lura da yatsun tun ranar farko, da gefen ido.

"Inna, yau bayan la'asar zan yi ɗan wasa a tsakar gidan Baba Idrissa. Ba taro ba ne, mutum talatin ne, dangi da maƙwabta. Na sa an ajiye miki kujera a gaba."

"Ina da aiki."

"Wane aiki, Inna?"

Habsu ta duba tsakar gida tana neman aikin. Babu. Sa'a ta yi shara, ta wanke gero za ta kai inji, ko turmin gidan ma a kife yake a gindin katanga shekara da shekaru, ya zama wurin zama tun da injin niƙa ya shigo unguwa.

Nuriyya ta yi magana a hankali, ba da faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. "Mama ta rasu. Ke kaɗai kika rage mini. Na san al'ada ce, tun ina yarinya Mama take gaya mini, kada in ji haushi, kunya ce. To na yarda. Amma shekara talatin da huɗu ina leƙen bayan kunyar nan ko zan ga wani abu, ban gani ba. Gobe da safe zan hau mota. In aka tashi kujerar nan babu kowa a kanta, na gane, ba zan ƙara zuwa in takura miki ba."

Magana ta cika bakin Habsu. Tana so ta ce ita ce ta bi motar Yamai da ido ta kafar taga har ƙura ta kwanta. Tana so ta ce nononta ya yi sati biyu yana zuba tana ɓoyewa. Harshen da aka ɗaure shekara talatin da huɗu ba ya kwancewa don an ba shi wa'adin yini ɗaya. Abin da ya fito shi ne, "Kin karya kumallo?"

Nuriyya ta dube ta, ta ce ta karya, ta tashi ta fita.

Habsu ta yi niyyar zuwa, wannan kam a shaide ta. Ana sallame la'asar ta buɗe akwati ta ɗauko zanen da take zuwa suna da shi, ta ɗaura, ta yafa mayafi, ta sa kwalli. Ta fito har bakin zaure. Taku goma sha biyu ne tsakaninta da ƙofar Mushe Idrissa. Sai ga Yabawa da wasu mata huɗu sun karyo kwana, Yabawa ta hango ta, ta ɗaga murya yadda za a ji a kasuwa:

"Lale, lale! Ku ba da hanya, ga uwar mai wasa ta fito da kwalliya!"

Matan suka kwashe da dariya. Dariyar ƙauna ce, amma Habsu ji ta yi kamar an tuɓe mata zane a tsakiyar titi. Ta ce akuya take nema, ta juya ciki. Wa ya taɓa neman akuya da kwalli? Yabawa ta bi ta da kira, ba ta waiwayo ba. Ta je gindin katanga ta zauna a kan kifaffen turmi, ta jingina baya da ginin, haushin Yabawa da haushin kanta suna cin ta.

Daga nan tana jin komai. Ta ji ana jan tabarmi, ana gyara kujeru, tsofaffi suna gaisawa da Barbarci. Ta ji Mushe Idrissa ya yi gyaran murya irin ta aji, ya ba da haƙuri kan abu biyu. Na ɗaya, an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, don haka babu lasifika, kowa ya matso. Na biyu, Tahiru, mai kiɗan ƙwarya da zai zo daga Damagaram ya raka ta, motarsu ta yi pan, ta mutu a Gidigir, yana can a gindin bishiya shi da ƙwaryarsa. Ƴarsu za ta yi wasan ita kaɗai da wannan abin nata, kontirabas. Ya faɗi sunan da alfahari, kamar shi ya raɗa masa.

Sai abin ya yi magana.

Habsu ta sha jin sa a waya, ashe wayar ƙarya take yi mata. Ba sautin goge ba ne, don da yatsu ake jan igiyoyin, huɗu ne masu kauri. Murya ce mai zurfi wadda ba ta kunne take shiga ba, ta ciki take shiga. Ta ratso katangar ƙasa ta same ta a gadon baya. Mutanen da suka fara da ƴar dariya suka yi tsit. Nuriyya ta ɗora muryarta a kai, siririya, ba ta ihu, kamar tana hira da wanda ke zaune kusa da ita. Ta yi wata waƙa da Hausa kan matan da ke ban ruwa a lambunan kwari tsakanin tudun yashi. Ta yi wata da Faransanci, Mushe Idrissa kaɗai yake cewa "wala, wala" don a san yana ganewa. Da ta juya Barbarci sai tsofaffin mata suka fara amsa mata, ita kuma ta bar musu fili, tana bin su da igiyoyin a ƙasa-ƙasa. Can sai kiɗan ya saki hanya ya shiga yawo kamar akuyar da ta tsinke, har Habsu ta ce a ranta yarinyar nan ta ɓata, sai kuma ga shi ya dawo daidai inda ya tashi. Sau uku yana yi mata haka kafin ta gane da gangan ne.

Ba ta san lokacin da inuwar dogon yaro ta haye katanga ba. Abin da ta sani, akwai kujera ɗaya a gaba babu kowa a kanta, kuma mai kiɗan tana kallon kujerar.

"Saura ɗaya," in ji Nuriyya daga can. Muryarta ta ɗan dushe. "Wannan ita ta kai ni duk inda na je. Masana kiɗa sun sha tambayata inda na samo bugunta, don bugu na uku yana makara kaɗan, kamar mai ɗingishi. Na ce musu ban sani ba, da shi na tashi a kaina. Makaɗa da yawa sun kasa bi na, Tahiru ne ya iya, ga shi yana Gidigir. Na so a ce yau..." Ta gyara tsayuwar kontirabas ɗin. "To. Bari dai in gwada."

Igiya mai kauri ta buga. Ɗaya. Biyu. Ɗan jinkiri. Uku.

Habsu ta ɗago bayanta daga katanga.

Ɗaya, biyu, jinkiri, uku. Ai wannan ba kiɗa ba ne. Wannan dakanta ne. Tana da cikin fari wata bakwai guga ya fizge ta a rijiyar kwari, kafaɗarta ta dama ta goce. Ta warke, amma tun daga nan in tana daka, taɓarya ta sauka sau biyu lafiya, a na uku sai ta ɗan dakata ta mayar da nauyin hannun hagu. Matan gida suka sa masa suna dakan Habsu mai ɗingishi. Babu wadda ta iya lugude da ita, taɓare sai su yi ta karo, don haka aka bar ta tana yin nata ita kaɗai a bayan ɗaki. Ita kaɗai, sai jaririyar da ke goye a bayanta. A nan ne kawai babu ido, a nan ne kawai ba a hana ta goyon ƴarta ba, tunda aiki take.

A waya ba ta taɓa jin wannan ba, ƙaramar lasifikar ba ta fitar da sautin ƙasa. Ashe abin da yarinyar take yawo da shi a duniya ke nan, ba ta ma san na wa ba ne.

Nuriyya ta fara rerawa:

"Na san garin, na san unguwar,
na san bishiyar da ke ƙofar gida,
wa zai ce mini shigo?"

A "shigo" muryar ta karye. Ta sake ɗaukowa, ta sake karyewa. Igiyoyin suka ci gaba su kaɗai, suna rage gudu, babu ƙwaryar da za ta tallafe su. Wani tsoho ya yi tari. Habsu ta san irin wannan shirun, shirun mutanen da suka fara jin kunya a madadin wani.

Ba za a ce ta yanke shawara ba. Ta dai gaya wa kanta cewa gobe akwai mai tafiya, kuma mai tafiya yana buƙatar fura, kuma ba a taɓa zargin mace don ta yi daka a gidanta ba. Ta tashi, ta tuɓe mayafi, ta ɗaure zanen suna a ƙirji. Ta birkice turmin, ta kakkaɓe yanar gizo. Geron da Sa'a ta wanke yana nan a ƙwarya, zumuɗin wasa ya sa ta manta da inji. Habsu ta juye shi. Taɓaryar tana bayan rumbu, ta yi fari don ƙura. Da ta ɗaga ta kafaɗar ta yi ƙara, ta tuna mata shekarunta.

Ta jira igiyar ta zagayo. Ɗaya. Biyu. Ta mayar da nauyi hannun hagu. Uku.

Ƙasa ta amsa har ƙarƙashin tabarmin maƙwabta.

"Kai, wa ke daka a wannan lokaci?" in ji Mushe Idrissa, ransa a ɓace. "Sa'a, je ki ce..."

"Mushe, rufe mana baki," in ji Yabawa. Ba ta da murya ƙarama, amma yau ta samo ta. "Ba ka ji ba? Dakan Habsu ne."

Igiyoyin suka tsaya cak.

Habsu ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige. Yanzu kowa ya sani. Mutum talatin suna zaune suna sauraron uwar ɗan fari tana tallan zuciyarta da taɓarya. Hannunta ya so ya saki. Ba ta bari ba. Ta yi zagaye ɗaya ita kaɗai, ta yi na biyu, ta yi na uku, gumi na bin bayanta, babu abin da ke amsa mata sai tattabarun da suka tashi daga kan rumbu.

A na huɗu igiyar ta dawo. Ta faɗo daidai kan taɓarya, ta dakata inda taɓarya ta dakata, suka sauka tare a na uku kamar ƙafafun mutum ɗaya. Shekara talatin da wani abu babu wadda ta iya lugude da Habsu a duk faɗin Gure. Yau ga ta, a bayan katanga.

Daga nan Nuriyya ta saki jiki. Muryar ta dawo da ƙarfinta, ta rera baitin har ƙarshe. Kiɗan ya sake shiga yawonsa, ya yi nisa, ya hau sama, ya yi wasa, wannan karon bai ji tsoron ɓata ba don turmi yana riƙe masa da hanya. Habsu ma abin ya hau kanta. A wurin jinkirin nan ta cilla taɓarya sama ta tafa, ta cafe, kamar tana da shekara goma sha tara. Kafaɗar za ta rama gobe, ta san da haka. Da aka kai ƙarshe suka tsaya tare, ba wanda ya yi wa wani alama. Yabawa ta rangaɗa guɗa har sau uku, tsofaffi suna ta "madalla, madalla", Mushe Idrissa yana fyace hanci yana cewa ƙura ce.

Mutane suka taso za su zagayo gidan Habsu. Yabawa ta riga su, ta tsaya a bakin zaure ta baje hannuwa. Ta san ɓarnar da bakinta ya yi ɗazu. "Babu mai shiga," ta ce. "Mace tana aikinta, kallon me za ku yi? Ku tafi, magariba ta kusa." Mutum ɗaya ta matsa wa ta wuce.

Habsu ta ji takun. Ta juya wa ƙofa baya, ta ci gaba da daka a hankali.

"Inna." Taɓarya ta ci gaba da sauka. "Inna, a ina kika san waƙata?"

"Wace waƙa? Daka nake. Gobe za ki hau mota, ai sai da fura."

"Bugu na ukun nan..."

"Kafaɗa ce. Guga ya ja ni a rijiyar kwari, kina ciki wata bakwai." Ta tsaya, ta jingina taɓarya a turmi. Da yake ba fuska take kallo ba, katanga take kallo, sai ta ji maganar tana fitowa da sauƙi. Ta kai hannu baya ta taɓa tsakanin kafaɗunta. "Nan kike. Kanki nan, ta hagu. In na tsaya sai ki tsala kuka, sai in ci gaba ko geron ya riga ya yi laushi. Shekara biyu gidan nan ba a sha fura mai tsaki ba, kakarki har yabona take wai na iya aiki."

Ta ji dariya a bayanta, irin wadda take haɗe da kuka. Sannan ta ji takun ya matso. Nuriyya ta fi ta tsayi nesa, sai da ta ranƙwafa sosai kafin ta ɗora kunnenta a wurin, ta hagu, ta zagaye cikin uwar da hannayen nan masu kanta.

"Ƙara, Inna."

Habsu ta ɗauki taɓarya. Ɗaya. Biyu. Ta ji zanen sunanta yana jiƙewa a baya. Ba kowa a tsakar gidan, Yabawa tana gadin ƙofa, ladan bai kira ba tukuna. A zagaye na gaba, a cikin ɗan jinkirin nan kafin bugu na uku, ta buɗe baki ta faɗi sunan, ƙasa-ƙasa, yadda ko akuyar da ke ɗaure ba ta ji ba. Sai wanda kunnensa ke manne da bayanta.

"Na'am, Inna," in ji Nuriyya.

Geron ya daɗe da zama gari, amma Habsu ba ta tsaya ba.